FILIN MOTOCI: Lada Samara, Motar Da Aka Tsara Da Basira Aka Haɗa Da Sakaci

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin babbar hanyar da ta ratsa Azare, wadda ta taso daga Kano ta nufi Potiskum da Maiduguri, zai ga irin motocin da ke ɗawainiya da jama'ar ƙasar Katagum a yau. Da yawa daga cikinsu tsofaffin motocin Jamus ne, su Golf da Sharan da Vectra, an shaƙe su da fasinja, an danna buhunan gero da wake a baya har ƙofar ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da igiya. Amma dattawan da suka yi aikin koyarwa ko na ofis a shekarun 1970 za su iya tuna wata mota mai kusurwa huɗu kamar akwati, wadda ta yi zamani a hanyoyin ƙasar nan, watau Lada ta ƙasar Rasha.

Wannan tsohuwar Lada tana da ƙanwa, ana kiranta Samara. An ƙera ta ne don ta kara da irin su Golf a kasuwannin duniya, siffarsu ɗaya, tsarinsu ɗaya, ga ta kuma da araha. To, ga Golf nan tana ta kai da kawowa tsakanin Azare da Misau da Jama'are, Samara kuwa ko sunanta matasan direbobi ba su sani ba. Dalilin haka abin a tsaya a duba ne, domin a cikinsa akwai darasi ga duk mai shirin zuba kuɗin sallamarsa ko na amfanin gonarsa a kan mota.

YADDA LADA TA ZO

Asalin maganar yana komawa ga shekarar 1966, lokacin da Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Fiat na ƙasar Italiya don a gina mata ƙatuwar masana'antar motoci a bakin kogin Volga. Garin da aka zaɓa shi ne Tolyatti, wanda aka raɗa wa sunan wani shugaban 'yan gurguzu na Italiya, Palmiro Togliatti. A cikin watan Afrilu na 1970 motocin farko suka fito. Ainihinsu Fiat 124 ce, amma sai da Rashawa suka yi mata gyare-gyare ɗaruruwa. Suka ƙara wa ƙarfen jikinta kauri, suka ɗaga ta daga ƙasa, suka sa mata wani inji dabam, har suka bar mata kafar da ake zura ƙarfe ta gaba a murɗa a tā da ita idan batir ya mutu. A gida suna kiranta Zhiguli, a waje kuwa Lada.

Shigowarta Nijeriya ta biyo bayan zumuncin da ya ƙullu tsakanin ƙasashen biyu a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da Rasha ta sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi. Janar Yakubu Gowon ya kai ziyara Mosko a 1974, daga baya kuma aka ba Rashawa aikin gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. Kamfanin WAATECO, wanda Rashawa ke da hannu a cikinsa, shi ne ya riƙa shigo da motocinsu, su Moskvich da Volga da Lada. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, aka kuma ƙirƙiro Jihar Bauci a watan Fabrairu na 1976, sai ma'aikata suka yawaita, aljihu ya yi nauyi, ga kuma rancen mota. Wanda ƙarfinsa bai kai na Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ba, ya kuma ga Volkswagen ƙirar ƙwaro ta yi wa iyalinsa kaɗan, sai ya karkata ga Lada.

Ba ƙawa ce ta sayar da ita ba. Sitiyarinta da nauyi, tana da shan mai, ga ƙara. Abin da ya sa aka riƙe ta shi ne sauƙin sha'ani. Injinta a miƙe yake daga gaba zuwa baya, furofela ta ratsa ƙarƙashinta ta kai ƙarfi ga tayoyin baya, kamar dai yadda 504 take. Duk makaniken da ya iya Peugeot, in ya buɗe Lada ba zai ga baƙon abu ba.

ABIN DA YA SA AKA SAKE TSARI

Yayin da Rashawa ke ta buga wannan mota dubu bisa dubu, sai masana'antun Turai suka canja hanya. Tun a 1959 motar Mini ta Ingila ta nuna cewa ana iya gicciye inji a gaba a sa shi ya ja tayoyin gaba. Fiat 128 ta 1969 ta kyautata dabarar, sa'an nan Renault 5 ta fito a 1972, Golf kuma a 1974. Waɗannan na baya sun zo da wata siffa sabuwa, watau ƙaramar motar iyali wadda aka datse mata wutsiya, aka sa mata babbar ƙofa a baya mai ɗagawa sama har da gilashinta. Ba salun ba ce mai but a keɓe, ba kuma doguwar wagon ba ce. In an kwantar da kujerar baya, wurin kaya da wurin zama sai su zama ɗaki ɗaya.

Hikimar wannan tsari a fili take. Idan inji da giya duk suna gaba a gicciye, ba a bukatar furofela, ba a bukatar ƙaton aksul na baya. Nauyi ya ragu, mai ya ragu, fili ya ƙaru a ciki ba tare da an tsawaita mota ba. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, kowane magidanci a Turai irin wannan yake nema. Ita kuwa Tarayyar Sobiyet tana matuƙar bukatar kuɗin waje, motoci kuma suna cikin 'yan kayan ƙira ƙalilan da take iya sayar wa Turawan Yamma. Saboda haka ya zama dole ta bi sahu, ko kuwa kasuwa ta kuɓuce mata.

Injiniyoyin Tolyatti suka duƙufa. Suka gama samfurin farko a ƙarshen 1978, sa'an nan aka ɗauko kamfanin Porsche na Jamus ta Yamma ya taimaka musu, musamman wajen inji da daidaita tafiyar motar. A watan Disamba na 1984 aka fara ƙera mai ƙofa uku, mai lamba VAZ-2108. Mai ƙofa biyar, VAZ-2109, wadda ita ce ainihin ta iyali, ta biyo baya a 1987, salun ɗinta kuma a 1990. A gida an fara kiranta Sputnik, a waje kuwa Samara, sunan wani kogi da ke zuba cikin Volga. Jama'ar Rasha da suka ga yadda hancinta ya yi tsini sai suka laƙaba mata sunan kurfi, wannan ƙarfen da maƙera ke sara da shi. Ita ce mota mai ja da gaba ta farko da ƙasar ta ƙera da yawan gaske.

ƘIRA DA ƘARFI

Tsawon Samara mita 4 ne da 'yan kai, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kimanin kilo 900 da ɗoriya. An yi ta da inji iri uku, duk masu silinda huɗu: na lita 1.1, da na 1.3, da na 1.5. Na tsakiyan, wanda ya fi yawa a farkon zamaninta, yana ba da ƙarfin doki kimanin 65, yana kai motar gudun kilomita 148 a awa, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 kuwa yana ɗaukar daƙiƙa 16 ko kusa da haka. Babban yana ba da ƙarfin doki 70 ko fiye kaɗan, gudunsa ya haura kilomita 150. Da farko giya huɗu gare ta, daga baya aka yawaita mai biyar. Waɗannan alƙaluma ba na tsere ba ne, amma a ma'aunin motocin iyali na 1985 ba abin kunya ba ne ko kaɗan.

Wajen shan mai ta yi wa yayarta fintinkau. A buɗaɗɗiyar hanya, in ana tafiyar kilomita 90 a awa, tana shan kimanin lita 6 a kowane kilomita 100, a cikin gari kuwa 8 zuwa 9. Tankinta yana cin lita 43. Tsakanin Azare da Kano tafiyar kilomita 200 ce ko kusa da haka, watau ke nan bisa lissafin takarda, mai Samara zai cika tanki a Azare, ya je Kano ya gama hidimarsa ya komo, da sauran mai a ciki.

A ƙafafun gaba an sa mata shokazoba da sifirin a haɗe wuri ɗaya, irin tsarin da ake kira MacPherson, a baya kuwa gungumen ƙarfe guda mai ɗan lanƙwasuwa ya haɗa tayoyin biyu. Haka Golf take. Sitiyarinta mai sandar haƙora ne, mai sauƙi, mai jin magana, ba kamar na tsohuwar ba wanda sai an yi kokawa da shi. Burkin gaba faifai ne, na baya ganga. An kawar da kwantak ɗin da ke ba fulogi wuta, aka sa ɗan akwatin lantarki a madadinsa, kafireto kuma samfurin Solex ne na Faransa. Tsakaninta da ƙasa akwai kimanin santimita 16, wanda ya fi na yawancin takwarorinta na Turai, domin hanyoyin karkarar Rasha ba su da labari. Direbobin da suka saba da tsohuwar Lada sun shaida cewa sabuwar ta fi riƙe hanya a kwana, ta fi tsayuwa daram a kan santsi.

Har hamadar da ke arewa da ƙasar Hausa sunan Samara ya kai. A tseren motoci na Paris zuwa Dakar na 1990, wanda ya ratsa Jamhuriyar Nijar ta Agadas da Tawa da Yamai, shahararren direban nan ɗan ƙasar Beljiyam, Jacky Ickx, ya tuƙa wata mota mai suna Samara T3 ya zo na bakwai. Amma fa kada sunan ya ruɗi mai karatu. Dillalin Lada na Faransa ne ya sa aka ƙera ta don talla, injinta na Porsche ne, tana ja da ƙafa huɗu, ba abin da ya haɗa ta da wadda ake sayar wa magidanta sai kamannin jiki.

DA TA HAU HANYAR KATAGUM

Yana da kyau a auna wannan tsari da irin ƙasar Katagum, domin abin da ya shafi Samara ya shafi duk wata mota mai ja da gaba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yashi. Da an sauka daga kwalta an nufi ƙauyukan Gamawa ko Zaki ko Itas, sai rairayi da rani, sai taɓo da kwazazzabai da damina, musamman a fadamun kogin Jama'are. Idan mota ba ta da kaya da yawa, ja da gaba alheri ne a irin wannan hanya, gama nauyin inji yana danne tayoyin da ke ja. Amma da zarar an loda buhu uku a baya, an ƙara manya huɗu a kujerar baya, sai gaba ya ɗaga, tayoyin da ke ja su rasa abin kamawa, su yi ta tonon rami. A nan ne mai ja da baya, irin 504 ko tsohuwar Lada, ke nuna fifikonta, don ita kaya ƙara mata riƙo suke yi.

Abu na biyu shi ne shaf. Kowace tayar gaba tana karɓar ƙarfi ta wani shaf mai gaɓa, gaɓar kuma tana lulluɓe da roba cike da giris. Muddin robar nan tana da lafiya, gaɓar za ta yi shekaru. Ranar da kututture ko ƙaya ta yage ta, yashi zai shiga ya gauraya da giris ya zama kamar dutsen niƙa, cikin 'yan makonni sai a fara jin ƙas-ƙas in an karya kwana. Robar ba ta da tsada, amma wanda ya yi sakaci da ita zai sayi shaf sukutum.

Na uku shi ne bel ɗin tayimin. Lada ta farko sarƙa gare ta, wadda in ta tsufa takan yi ta ƙara tana gargaɗi. Samara kuwa bel na roba aka sa mata, shi kuma ba ya sallama kafin ya tsinke. A injin lita 1.3, in ya tsinke ana cikin tafiya, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. A na lita 1.5 an fafe saman fistin yadda ko bel ya tsinke ba za su haɗu ba, sai dai a sa sabo a ci gaba da tafiya. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya raba mai kwana a gida da mai kwana a dajin da ke tsakanin Bulkachuwa da Potiskum. Sai kuma zafi da ƙura. An ƙera motar ne don ƙasar ƙanƙara, hitarta kamar maƙera, amma ba na'urar sanyaya ciki, ga gilasai manya. Fankar lagireto ta lantarki ce, in ɗan makunninta ya mutu a watan Afrilu inji zai tafasa. Kafireton Solex kuwa ƙananan kafofi gare shi, ba ya haƙuri da gurɓataccen mai ko ƙurar hunturu.

Duk waɗannan ba su isa su kashe mota ba, domin Golf ma tana da shaf, tana da bel, tana da fankar lantarki, ga ta nan kuwa tana aiki. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

INDA AKA SAMU MATSALA

Ciwon Samara daga masana'anta ya taso. A tsarin gurguzu, hukuma ce ke yanka wa kowace masana'anta adadin da za ta fitar a shekara, kuma da wannan adadi ake auna shugabanninta. Wanda ya cika lissafi ya sami yabo da lada, ko da rabin abin da ya fitar yana da aibi. Mai saye kuma ba shi da bakin magana. Farashin Samara a gida ya haura rubul 8,000 a lokacin da albashin ma'aikaci bai wuce kimanin rubul 200 a wata ba, watau albashin fiye da shekara uku, amma duk da haka sai mutum ya rubuta suna ya yi shekaru yana jiran layi ya zo kansa. Wanda ya yi irin wannan jira ba zai mayar da mota don ƙofa ba ta rufuwa daidai ba. Kayan gyara kuwa sun yi ƙaranci har ya zama al'ada direba ya cire waifa ya ɓoye in zai bar motarsa a waje, don kada a sace.

To, masana'antar da ba ta tsoron mai saye, me zai sa ta ƙara ɗaure noti? Robobin cikin Samara masu tauri ne, ba su zauna daidai ba, suna ta kaɗawa har Rashawa da kansu suka riƙa kwatanta ta da abin wasan jarirai mai ƙara. Dogayen ƙofofin mai ƙofa uku sukan saki su sunkuya. Ruwa yakan sami hanya ya shiga akwatin fis ya rikita wutar mota. Akwatin da ke ba fulogi wuta ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa ba zato a motocin farko, har masu motar suka koyi yawo da na ajiya. Tsatsa kuma ba ta jira. Mota biyu da suka fito rana ɗaya, ɗaya ta yi shekara goma lafiya, ɗaya ta fara ciwo tun makon farko. Dillalan Turai sai da suka riƙa sake bin kowace mota suna ɗaurewa suna gyarawa kafin su miƙa wa mai saye, daga 1996 zuwa 1998 ma har kamfanin Valmet na ƙasar Finland aka ba aikin haɗa wasu don a sami inganci. Duk da haka a 1997 Lada ta janye daga kasuwar Ingila, saboda ta kasa cika sababbin dokokin hayaƙi, ga kuma motocin Koriya da suka zo da araha da inganci tare.

Akwai misalin da ya tabbatar da cewa laifin ba na masu zane ba ne. Ƙasashen gurguzu da dama sun yi irin wannan mota: Polan ta yi Polonez a 1978, Yugoslabiya ta yi Yugo a 1980, masana'antar Moskvich ta yi Aleko a 1986, Chekoslobakiya kuma ta fito da Skoda Favorit a 1987, wadda kamfanin Bertone na Italiya ya zana mata jiki. Favorit ma ta fara da irin koke-koken da aka yi wa Samara. Amma a 1991 Volkswagen ya sayi hannun jari a Skoda, ya shigo da tsarinsa na binciken kowane ƙarfe da kowace roba kafin a ɗaura. Motar ba ta canja siffa ba, ma'aikatan su ne dai na jiya, amma ingancinta ya tashi, har aka gina Felicia a kanta a 1994. Yau Skoda tana cikin motocin da ake girmamawa a Turai. Abin da ya canja shi ne kulawa, da kuma sanin cewa mai saye yana iya juya baya.

ZAMANI YA JUYA

A nan Nijeriya kuwa, Samara ta fito ne a daidai lokacin da kasuwar sababbin motoci ke mutuwa. Kuɗin man fetur ya ja baya, Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, aka ƙuntata shigo da kaya. A watan Satumba na 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu, Naira wadda a 1980 ta fi dala daraja ta faɗi har sai an ba da kusan huɗu kafin a sami dala ɗaya. Malamin makarantar da ya sayi sabuwar mota a 1976 ya wayi gari taya ma tana neman ta gagare shi. Masana'antun haɗa motoci na gida suka shiga halin ni-'yasu, har da na Steyr da aka kafa a Bauci don manyan motoci da taraktoci, wanda daga baya ya durƙushe. A watan Disamba na 1991 ita kanta Tarayyar Sobiyet ta wargaje, hanyar da kayan gyaran Lada ke biyowa ta toshe.

Abin da ya cike gurbin shi ne motocin hannu daga Turai, waɗanda ake saukewa a Ikko da Kwatano, jama'a na kiransu 'yan Beljiyam. A nan Golf ta ci gari. An ƙera ta miliyoyi, saboda haka tsofaffin injinanta da giyoyinta da shaf-shaf ɗinta suka riƙa biyo ta cikin kwantena, suka cika kasuwannin kayan mota irin ta Ƙofar Ruwa a Kano. Yaran gareji suka tashi a kanta, suka san ciwonta tun daga sautin inji. In ta lalace a Azare da safe, kafin la'asar an samo abin da take so, in babu a gari a aiko da shi daga Kano a motar haya. Mota ba ta rayuwa ita kaɗai, sai da 'yan kasuwa da makanikai a bayanta. Inda Lada ta sami irin wannan gata, ita ma ta yi tsawon rai: tsohuwar ƙirar ta yi shekaru da dama tana aikin tasi a Addis Ababa da Alƙahira, a Rasha kuwa, inda kowane ƙauye ke da kayanta, zuriyar Samara ba ta daina fita daga masana'anta ba sai a ƙarshen 2013, shekara 29 bayan fitowarta.

ABIN LURA GA MAI SAYE

Labarin bai tsufa ba. Yau ma sababbin sunaye suna shigowa kasuwa, daga Sin da Indiya da wasu wurare, wasu ana haɗa su a cikin ƙasa, wasu masu aiki da gas ko lantarki, kowace da takardarta mai ɗauke da alƙaluma masu daɗin ji da farashi mai jan hankali. Wasunsu za su yi kyau, wasu ba za su yi ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma magidancin da ke Azare ko Giade ko Shira, wanda wataƙila sau ɗaya zai sayi mota a rayuwarsa, bai kamata a yi gwajin da kuɗinsa ba.

Kafin ya biya, ya kamata ya fara zuwa gareji, ba wurin dillali ba, ya tambayi makaniken da ya amince da shi ko ya taɓa buɗe irin wannan inji. Daga nan ya shiga kasuwar kayan mota ya nemi abu uku da kansa: robar shaf, da bel ɗin tayimin, da takalmin burki. In an ce sai an aika Ikko ko ƙasar waje, to, ya san abin da ke jiransa. Ya bincika kuma ko injin yana cikin masu lanƙwasa bawul in bel ya tsinke. Sa'an nan ya nemi wanda ya riga shi sayen irinta da shekara biyu ko uku, ya duba ƙofofinta da wutarta da ƙarƙashinta, domin a nan ake gane aikin masana'anta, ba a jikin sabuwa mai walƙiya ba. A ƙarshe ya auna ta da hanyar garinsu da irin kayan da zai riƙa ɗauka.

Hukumomi ma suna da nasu rabon. Duk lokacin da wata gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma za ta sayo motoci ko taraktoci don rabawa ko bayarwa bashi, wajibi ne a sa sharaɗin ajiye kayan gyara a cikin jihar da horar da makanikai a cikin yarjejeniyar, tun kafin a sa hannu. Harabar ma'aikatu da yawa a ƙasar nan cike take da gawarwakin motocin da ba abin da ya kashe su sai rashin wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Masu haɗa motoci a gida kuma su dubi abin da ya sami Tolyatti da abin da ya sami Skoda, su zaɓi wanda za su bi. Injiniyoyin da suka zana Samara sun san aikinsu, ba wanda ya isa ya raina musu. Waɗanda suka ɗaura ta, da waɗanda ya kamata su tsaya mata bayan an sayar, su ne suka ba da ita. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a sauka lafiya.